Fili a Wayar Yaya Balaraba

Idan ka shiga shagon ɗinkin Balaraba a Anguwan Rogo, can bayan keken ɗinki na biyu inda ake jibge ƙyallaye, za ka tarar da wani siririn mutum ya duƙufa a kan kwamfuta kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Sharafaddeen ke nan, ƙaninta, autan gidansu. Ya haura talatin, furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma har yau 'yan unguwa ba su gama yarda cewa aiki yake yi ba. Tela an san shi, mai gyaran waya an san shi. Mai haɗa manhaja kuwa, sai a ce masa to, Allah ya taimaka, a wuce.

Da gyaran waya ya fara, a wata rumfa wajen Taminus, kafin ya koya wa kansa wannan sana'a. Ya yi wa wata makaranta manhaja, ya yi wa masu keke-napep wata, duk ba wadda ta kai labari. Mutum ne mara hayaniya, kuma babban cikas ɗinsa shi ne bai iya ce wa babba a'a ba.

Da ƙungiyar telolin unguwa ta so manhajar da za ta riƙa nuna wa kwastoma samfurin ɗinki ko babu data, Balaraba ce ta miƙe a tsakiyar taro ta ce ƙaninta zai iya. Wasu suka taɓe baki, ta ce su riƙe ta da maganar. Aka yanke cewa a taron da ke gaban Sallah kowa zai sa ta a wayarsa. Tun daga ranar Sharafaddeen ya san mutuncin yayarsa ne a hannunsa.

Irin wannan aiki sau ɗaya ake rubuta shi ya hau Android ya hau iPhone, amma akwai wani ɗan fayil da ke riƙe da ragamarsa. A ciki ake ambata kayan aro, wato ƙunshin shiri da wasu suka riga suka rubuta: na nuna hoto, na ajiye bayani, na turawa. A ciki kuma ake faɗa wa manhajar inda hotunanta da tambarinta suke. Kayan aron nan halin 'yan biki gare su, ka gayyaci ɗaya ya zo da danginsa, wasu ma ba sa ga maciji da juna. Ya sabunta wannan, wancan ya yi yaji. Ya lallashi wancan, a ɗauke wuta ana tsakiyar saukewa. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Sai kuma hotuna. Kowane tela a ƙungiyar sai an sa nasa, domin tsallake mutum ɗaya gaba ce ta shekara guda. Kuma ba wanda ya yarda a taɓa masa girman hoto.

"Yaro, kada ka rage min komai," in ji Alhaji Badruddeen, shugaban ƙungiyar. "Aikin wuyan nan zare-zare nake so a gani."

Ya ce to, Alhaji. Ya zuba su duka yadda aka turo su.

Shi ba shi da kwamfutar da ke haɗa ta iPhone, sai ya hau keke-napep zuwa Tudun Wada wajen abokinsa Rwang, wanda ke da ita. Rwang ya duba nauyin manhajar ya yi dariya.

"Oga Sharaf, wannan abu naka ya yi ƙiba fa. Wane waya zai ɗauka shi?"

Ya san gaskiya ce. Da ya dawo shago ya tura wa Balaraba ta gwada. Wayarta irin ta yawancin telolin ce, tsohuwa, cike da hotunan atamfa, in ba ta shiga tata ba, ba za ta shiga ta kowa ba. Wayar ta yi ta juyi, sannan ta ce babu fili.

"Ba komai, Auta," ta ce, ta jefa ta a jaka. "Za a san yadda za a yi."

Kunya ta hana shi sake tayar da zancen. Ya koma lungunsa ya shiga sassaƙa. Ya bi kayan aron ɗaya bayan ɗaya, duk wanda manhajar za ta rayu ba shi ya kore shi da danginsa. Ya matse hotunan a hankali, yana kara su da na asali, har inda ido ba zai gane bambanci ba, bai kuwa nemi izinin Alhaji ba. Ita tana fama da ɗinkin Sallah, shi yana fama da nasa, bayansu na kallon juna. Ya bari sai ya gama ya nuna mata.

Da safen ranar taron ya gama. Manhajar ta koma 'yar ƙarama, ta hau Android da iPhone duka biyu lafiya lau.

"Yaya, kawo wayarki. Yanzu za ta shiga, ba sai an goge komai ba."

Ta tsayar da keken. "Ai ta shiga tun shekaranjiya."

"Wacce? Mai nauyin?"

"Ita. Da sai in je taro ƙanina ya yi abu ba ya cikin wayata?"

Ya karɓa ya duba. Ga manhajar nan kuwa, da tambarinta.

"Me kika goge, Yaya?"

"Hotunan atamfa. Ba su isa ba." Ta gyara zaren da bai buƙatar gyara. "Sai na goge hirarmu da Inna."

Inna, mahaifiyarsu, ta rasu bara. Ba ta iya rubutu a waya ba, saƙon murya take turo wa Balaraba kusan kullum, na faɗa da na addu'a da na cigiyar ko Auta ya ci abinci. Shi bai taɓa samun nata ba, don kullum yana kusa. Ya tambaya ko wayar na ajiye kwafi a intanet. Ta ce ta kashe wannan tuntuni, yana cinye mata data.

Ya cire tsohuwar manhajar ya sa sabuwar. Wayar ta nuna fili mai yawa, fiye da rabinta ba komai.

"Ta yi?" ta tambaya.

"Ta yi, Yaya."

"To tashi ka sa hula, kada mu makara."