Tasoshin Inna a Jimeta

Ana idar da sallar asuba muka bar Song, ni da yayata da nake kira Adda. A bayan lori muka zauna, tana rungume da buhun tasoshin da Inna ta bar mata. Ƙuli-ƙuli take yi tun rasuwar mijinta, kuma ta ji a rediyo cewa gwamnatin jiharmu ta Arewa maso Gabas na ba ƙananan 'yan kasuwa rance. Injin niƙa take so. Ni na biyo ta ne don na koyi sa hannu a ajin yaƙi da jahilci.

Hanya duk gargada, har awakin da ke lorin suka gaji da kuka. Da muka zo fito a kogin Binuwai, sai na tuna zuwanmu da Inna shekarar samun 'yancin kai. Lokacin manyan jiragen ruwa na tsayawa nan da damina, kanti cike da gishiri da atamfa. A nan ta ƙaro tasoshin, tana ƙwanƙwasa kowace da yatsa kafin ta saya. Yanzu gaɓar shiru, sai mata masu soya kifi. Mun ci da rogo, kifin ya yi tsada amma ya yi daɗi.

A ofishin Jimeta, Adda ta kwance buhu ta jera tasoshin gaban akawu a matsayin jingina. Ya yi murmushi, ya ce gida ko gona ake karɓa. In ba ta da su, to ƙanenta ya sa hannu, injin ya fito da sunansa. Har na miƙa hannu ga alƙalami, ta riƙe mini riga.

"Malam, wannan ko gyaɗa bai iya soyawa ba," in ji ta. "Ta yaya injina zai zama nasa?"

Muka wuce Yola. A unguwar Adarawo wata dillaliya ta ƙwanƙwasa tasoshin kamar yadda Inna take yi, ta yi musu kuɗi mai kyau. Ƙarama ɗaya Adda ta hana. Washegari muka sayi tsohon inji wajen wani makanike.

Mun dawo Song lafiya. Tafiyar ta nuna mini cewa ofis gida da gona ya sani, mata kuwa a jeren ɗaki suke tara dukiyarsu. Bangon ɗakin Adda yanzu wayam yake. Amma kullum da safe injin na tashi, kuma da ƙaramar tasar Inna take auna gyaɗa.