Ustaza Jummare, Wadda Ba Ta Taɓa Ƙara Wa Kowa Nisba Ba

Mohanad mai shagon intanet na bakin suƙ, wato kasuwa, ya cuci yara goma sha biyu, kuma yana sane. Da shi na fara, domin a san irin garin da Ustaza Jummare ta yi wa aiki.

Shekara ashirin da shida tana magatakarda a sakandaren 'yan mata a nan Gadarif. Bana ta ajiye, ido ya gaza. Ba a yi mata taro ba. Amma ba aikin ofis nake nufi ba. Duk shekara in sakamakon shahada, jarrabawar kammala sakandare, ya fito, bayan la'asar takan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ta jawo wani akwatin ƙarfe. A ciki akwai littafin taƙdim, na neman gurbin jami'a, na kowace shekara, mai nuna nisba, wato maki cikin ɗari, da kowace kulliya ko tsangaya ta tsaya a kai. Mutane da nasu littafin suke naɗe ta'amiya, ƙosan nan namu. Ita ba ta yar da ko ɗaya ba.

Cutarmu ta iyaye sananniya ce. Yaro ya samu saba'in, mu cika masa takardar taƙdim daga sama har ƙasa da likitanci da handasa, wato injiniyanci, don kada maƙwabci ya ji an rubuta ƙaramar kulliya. Sakamako ya fito, babu ko ɗaya. Ustaza takan ce, “Buri biyu a sama, ba laifi. Sauran layukan na gaskiya ne.” Ta san babbar jami'a tana da ƙananan ƙofofi, irin su lafiyar jama'a, dazuzzuka da kiwon dabbobi, inda ba a turereniya. Wanda nisbarsa ba ta kai ko nan ba, takan gaya masa ya sake zaman jarrabawar, ta nuna masa darasin da ya kayar da shi. Da yawa sun tashi daga tabarmar da fushi.

Bara Alhaji Husain, wanda yaƙi ya koro shi da iyalinsa daga Madani, ya zo mata da takarda mai hatimi. 'Yarsa Safaa ta zauna jarrabawa bayan ta daɗe ba aji, tana kwana a ɗaki ɗaya da mutum tara, ta samu saba'in da huɗu. Taƙdim na farko bai ba ta komai ba. Mohanad ya ce ya san wani a sama, ya miƙo musu takardar karɓa a likitanci.

“Ya Ustaza, ke kika ce ba zai yiwu ba. To ga shi.”

Ta kai takardar dab da ido, ta mayar masa.

“Ya Hajj, ma'alesh, ka yi haƙuri. Wannan ƙarya ce.”

“Hatimin ma ƙarya ne?”

“Hatimi a suƙ ake sassaƙa shi. Buɗe akwatin nan ka nuna min shekarar da saba'in da huɗu ta shiga likitanci, in shanye ruwan tawadar.”

“Ke dai ba kya son a ci gaba.”

“Ni ina son ta shiga. Ran Alhamis ake rufe neman kujerun da suka rage. In ta wuce tana riƙe da wannan, shekara ta tafi.”

Ya tashi bai yi sallama ba. Ran Laraba Ustaza ta hau raksha, keke mai ƙafa uku, ta bi su gida, ta zauna a tsakar gida ta ƙi taɓa shayi. Ta ce wa Safaa, “Ya bitti, 'yata, in takardar gaskiya ce, me za ki rasa don kin sake nema?” Uban bai hana ba, Safaa ta sake nema. Yau Safaa tana karatun lafiyar jama'a a jami'ar nan da ta yi mafarki, ta ƙaramar ƙofa.

Sauran goma sha ɗayan ba su zo tabarma ba. An yi musu guɗa, an yanka raguna, suka je rajista aka duba babu sunansu. Elfatih, mafi hazaƙarsu, yanzu dakon buhunan riɗi yake a kasuwar amfanin gona. Na ce ya sake zama, ya ce, “Ya ammi, halas, magana ta ƙare.”

Ustaza, ke ce mai magani mai ɗaci. Ke aka zaga, Mohanad aka yi wa addu'a. Kin ceci ɗaya cikin goma sha biyu, kuma na san goma sha ɗayan kike ƙirgawa. Allah Ya saka miki, Ya sassauta wa idonki.

Ku malamai masu ido biyu lafiyayyu, akwatin yana nan, ba wanda ya je ya ce a koya masa. Bana jikarta ce ke karanta mata lambobin. Ku je tun tana iya gyara muku.

Mohanad kuwa, kotu ta ɗaure shi shekara biyu, an rufe shagon.