Tambayar da Inna ta yi mani kan jirgin Yaya Bello

Jiya da la'asar ina zaune a gidanmu a Kaura Namoda, ina kallon bidiyon wani tsohon jirgin yaƙi a waya, na zamanin yaƙin duniya na biyu. Inna tana gefe tana tsintar wake. Ta leƙo ta ce, "Wannan irin na Bello ne?"

Bello yayana ne, matuƙin jirgin soja. Bara jirginsu ya faɗi, Allah ya karɓi abinsa.

Na ce a'a, wannan tsoho ne mai farfela. An yi masa inji biyu, ɗaya a kowane fiffike, don in aka harbi ɗaya, ɗayan ya lallaɓa ya kai matuƙin gida.

Ta ajiye waken, ta ce:

"Haka Bello ya ce mani ranar da na roƙe shi ya bar aikin nan. Ya ce nasu ma biyu ne, in kwantar da hankalina. To, mi ya hana gudan ya maido mani shi?"

Ta goge ido da bakin zane, ta tashi ta yi alwala.

Allah ya jiƙan Yaya. Ku da kuka rasa naku a bakin aiki, me kuke ce wa iyaye in sun yi irin wannan tambayar?