Safayar da Na Hana a Taɓa

Shekarun baya, lokacin da na sayi a-kori-kurata, ba ni da wani aiki da ya wuce goge ta. Ta hannu ce, amma a idona sabuwa ce fil. Abin da ya fi burge ni shi ne kowace taya tana da ɗan sansa a ciki, da iska ta ragu sai wata 'yar fitila ta kama a gaban direba. Duk wanda na ɗauka sai na yi masa bayanin fitilar nan, ko bai tambaya ba.

Akwai wani dattijo mai faci a Ƙofar Sauri, mutumin kudancin Kaduna ne, ya daɗe a Katsina har Hausarsa ta zama irin tamu. Wata rana na kai masa motar ya juya tayoyi, na gaba su koma baya. Sai ya leƙa ƙarƙashi ya ce, "Malam, tayarka biyar ce, ba huɗu ba. Bari mu sauko da safayar nan ita ma ta shiga layi. Taya in ba ta aiki bushewa take yi." Na ce ya yi.

Ban kai GRA ba fitilar ta kama. Na juyo rai a ɓace. Ya ce in kwantar da hankalina, safayar ce ba ta da sansa, a sa mata ɗaya, mai kwamfuta ya haɗa ta da motar, shi ke nan. Ni kuwa, da ilimina na kwana uku, na ce ya lalata mini mota. Na faɗa da ƙarfi, a gaban mutane. Ya kwance safayar, ya mayar da ita ƙarƙashi, ya ce, "Allah Ya kiyaye hanya." Fitila ta mutu, na tafi ina jin na yi nasara. Daga ranar na sauya mai faci, safayar kuma ban sake kallonta ba har kusan shekara huɗu.

Wata Talata da hantsi mahaifiyata ta aiko a kira ni. An yi waya daga ƙauye cewa yayarta, wadda ta raine ta, jiki ya yi tsanani, tana ta neman ta. Na ce, "Hajiya, ki shirya, kafin azahar muna can."

Mun bar kwalta ba da nisa ba fitilar ta kama. Ƙarfe ne ya tsaga tayar baya. Na ce wa Hajiya minti goma ne. Sarƙar da ke riƙe safayar ta yi tsatsa, na fi rabin awa kwance a ƙasa ina fama. Da ta sauko na danna ta da hannu, sai ta lotsa. Babu iska, gefenta duk ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Wannan ce tayar da ba ta da bakin gaya mini halin da take ciki, ni kuma na kori wanda ya gaya mini.

Na zaunar da Hajiya a gindin wata bedi, na tare mai babur, na rungumi taya zuwa gari na gaba. Babu irinta a can, sai da aka yi ta buga waya aka samo wata tsohuwa. Da na dawo la'asar ta wuce. Na sami Hajiya da carbi a hannu, wayarta a kan cinya. Ta ce, "Kada ka yi gudu. An kai ta."

Muka ƙarasa don gaisuwa. A hanyar dawowa na ce, "Hajiya, ki yafe mini, sakacina ne." Ta ce, "Kwananta ne ya ƙare. Ni dai na so in riƙe hannunta." Ba ta ƙara tayar da maganar ba har yau, kuma da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Bayan sadakar bakwai na koma wurin dattijon. Muka gaisa, ya tambayi gida da aiki kamar jiya muka rabu. Na ba shi labari, na roƙi gafara. Ya yi mini ta'aziyya, ya ɗauko jak, ya nufi motar.

Na san ajali ba ya jiran kowa. Amma awa biyar ɗin nan da mahaifiyata ta yi a bakin hanya ni na jawo su, da girman kaina. Yanzu duk ranar da aka ambaci yayarta, sai ta yi murmushi ta yi mata addu'a, ni kuwa in sunkuyar da kai.