Tururi a Hanyar Bakura

Da hantsi aka bugo mini waya daga Bakura cewa jikin ƙanwar Inna ya yi tsanani, tana ta kiran yayarta. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Na rufe shagona a Maradun, na ɗauko Inna a tsohuwar motata, ko karyawa ba ta yi ba.

Tun kafin nan bakanike ya faɗa mini tiyon lagireto yana ɗiga, in kawo ya canza. Na ce sai na samu sarari. Kullum da safe nakan ƙara ruwa in kama hanya. Ran nan sauri ya mantar da ni.

Mun wuce Talata Mafara kaɗan sai na ga allurar zafi ta hau ja. Bazara ce, rana kamar ta narkar da kwalta. Na san tsayawa ya kamata in yi, amma na dubi Inna tana jan carbi, idonta a kan hanya, sai na ci gaba da taka mai. Ba mu yi nisa ba tururi ya turnuƙe gilashi, injin ya yi ƙara ya mutu.

Na ɗaga bonet, na sa tsumma na murɗe murfin lagireto. Tafasasshen ruwa ya feso mini a hannu.

Wani dattijo mai noman albasa ya taso daga gonarsa a bakin kanal ɗin ban ruwa.

"Malam, ba a buɗe ta da zahi," in ji shi. "Kuma in ka zuba mata ruwan sanyi yanzu, injin na tsagewa. Bari ta huce."

"Baba, marar lahiya muka zuwa gani."

"Allah shi ba da lahiya. Amma sai ta huce."

Ya shimfiɗa wa Inna buhu a gindin dogonyaro. Na tsaya bakin titi ina ɗaga hannu. Motocin haya cike suke, masu motocin gida kuwa ba sa tsaya wa baƙo a hanya yanzu, kuma ban ga laifinsu ba.

Dattijon yana ɗaure tiyon da robar tsohuwar taya lokacin da wayata ta yi ƙara. Na koma bayan mota na amsa. Da na dawo, Inna ta ɗago kai.

"Ta tahi ko?"

Na gyaɗa mata kai. Ta yi salati a hankali, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da injin ya huce muka cika lagireto da ruwan kanal, dattijon ya ba mu jarka cike. Sau uku na tsaya ina ƙara ruwa. Da muka shiga Bakura bayan la'asar, maza na dawowa daga maƙabarta.

A cikin gida, ana tsakiyar gaisuwa, Inna ta sa aka nemo zuma, ta shafa mini a ƙunar da hannunta. Na ce mata bakanike ya gargaɗe ni tuntuni, ni na yi sakaci.

"Kwana ne ya ƙare," ta ce. "Riƙe hannunka sama."

Ba ta sake tayar da maganar ba har ta rasu. Sai dai duk sanda za ta Bakura ganin 'ya'yan marigayiya, tasha take zuwa ta shiga motar haya. Ko na yi mata tayi, sai ta ce in je in kula da shago.