Filin da Malam Husaini Ya Tsare wa Matattu

Duk wanda ya zauna a unguwarmu, can bayan Kawo ta hanyar Mando, a shekarun tamanin, ya san Malam Husaini mai haƙa kabari. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma har yau ban manta abin da aka yi masa ba.

Bazazzagi ne, gajere mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa ya yi kanta, in kun gaisa sai ka ji kamar bulo ka kama. Da dako ya fara a Babbar Kasuwa. Wata rana aka yi rasuwa a unguwa aka rasa mai haƙa, ya ɗauki diga, shi ke nan aikin ya manne masa. Ba shi da yawan magana. Matarsa Hajara, mai ƙosai a ƙofar gida, ita ke yin maganar su biyu, tana tsokanarsa wai ko liman ya kalla sai ya auna tsawonsa da ido. Shi dai murmushi kawai yake yi.

Makabartarmu ƙarama ce, unguwa kuwa kullum ƙaruwa take yi. Wajen tsakiyar shekarun tamanin wasu ma'aikata suka zo da ƙatuwar taswira, aka tara mu a ƙofar gidan Mai Unguwa Bala. Suka ce wannan shi ne babban tsarin birni, namu da na jikokinmu. Nan titi, nan makaranta, nan kasuwa, filin da ke gabas da makabarta kuma an ajiye shi don in ta cika a ci gaba da binnewa a can. Suka kafa turakun siminti a kusurwoyinsa.

Malam Husaini ya ɗaga hannu ya ce, "Yallaɓai, kafin a kai nan, wa zai tsare shi?"

Babbansu ya ce, "Hukuma za ta kewaye shi, Baba, kwantar da hankalinka."

Ko ƙusa ɗaya ba a kawo ba. Kafin damina ta zagayo filin ya zama juji. Masu shara suka same shi, makanikai suka jibge mushen motoci, masu tsuguno kuma ba a magana, in iska ta kaɗo ana jana'iza sai kowa ya toshe hanci da bakin riga. Wannan ya ci wa Malam Husaini rai. Ya ce wurin da za a kwantar da bayin Allah ba zai zama masai yana kallo ba.

Shi kaɗai ya share filin, tsakanin wannan jana'iza da waccan. Kuma ya san halinmu sarai: mutuminmu zai zuba ƙazanta a filin hukuma ko a jikinsa, amma ba zai taka shukar wani ba. Sai ya shuka gyaɗa. Ya ce ita ce ba ta da saiwar da za ta hana diga shiga ranar da aka buƙaci wurin. Dabarar ta yi aiki, juji ya mutu. In kaka ta yi, ya bi gida-gida yana rabon gyaɗar sadaka, ladan ya kai ga mamata. Babu gidan da bai ci ba, har da na mai unguwa.

Haka aka yi ta tafiya har farkon shekarun casa'in, makabarta saura ƙiris ta cika. Ana tsakiyar damina sai ga wasu ma'aikatan daban da igiyar awo. Suka tumɓuke tsofaffin turaku, suka kafa sababbi birjik a cikin gyaɗa, fuloti-fuloti. Muka ɗunguma zuwa ofishinsu, ni da Malam Husaini da mai unguwa.

Wanda ya saurare mu ko kujera bai nuna wa tsohon ba. Ya ce, "Baba, kabari nawa ne a filin?"

"Babu ko ɗaya, yallaɓai, ai ba a kai nan ba tukuna."

"Me ke ciki?"

"Gyaɗa."

"Wa ya shuka?"

"Ni ne."

Sai ya ware hannu yana dubanmu. "To kun ji da bakinsa. Gona ce. An sake duba tsari, kuma tsari abin da ke ƙasa yake bi. In diyyar shuka kake so, a duba maka."

Na ce, "Yallaɓai, taswirar da ke bayanka fa?" Don tana nan rataye a bango, filin da alamarsa. Bai ko waiwaya ba, ya ce waccan ta tsufa. Wallahi ban taɓa jin ƙyamar mutum ɗan'uwana kamar ranar ba. Ya san gaskiya, ya san mun san ya sani, ga shi yana sakace haƙori da tsinken ashana.

Mai Unguwa Bala kuwa sai da muka fito sannan ya sami baki. A bakin titi ya juyo ya ce, "Kai ma Malam Husaini ka cika karambani. Da ka bar shi juji, wa zai yi sha'awarsa?" Daga baya muka ji fuloti na kusurwa nasa ne. Abin da ya fi ba ni takaici, maganar tasa ita ce ta bi unguwa. Mutanen da suka ci gyaɗar nan shekara da shekaru su ne ke cewa tsoho ne ya jawo.

Gidaje suka tashi, aka ja doguwar katanga tsakaninsu da makabarta. Makabartar kuma ta cika. Malam Husaini ya koma haƙa tsakanin tsofaffin kaburbura, yau ya ci karo da ƙashin wani, gobe da ruɓaɓɓen itacen rufi. Sai ya tattara a gefen ramin, ya rufe da ƙasa yana salati. Ranar da hakan ta faru ba ya iya cin tuwo, Hajara ta yi ta fama da shi.

Ana haka ita ma ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Matasa suka ce ya zauna su haƙa, ya ƙi. Ya gwada nan ya tarar da mutum, ya gwada can ya tarar da mutum. Daga ƙarshe ya sami ɗan siririn wuri a jikin sabuwar katangar, inda ba a taɓa sa kowa ba, nan muka kwantar da ita. Muna addu'a muna jin leburori a bayan katanga suna kwaɓa siminti, rediyo na ta waƙa.

Muna zaman makoki sai ga Tanko, shugaban leburorin gidan da wani Alhaji ke ginawa a bayan katangar. Ya durƙusa ya yi ta'aziyya yadda ya kamata, sannan ya matso.

"Baba, ka yi haƙuri, na san ba lokacinsa ba ne. Alhaji yana so a haƙa ramin masai, ƙasar kuma marmara ce, ta gagari yarana. An ce kai ka san ta."

Na yunƙura zan zazzage shi, Malam Husaini ya dafa gwiwata. Ya ce, "Ta wane ɓangare?"

"Ta baya, jikin katanga. Haka zanen gidan ya nuna."

Daidai inda muka sa Hajara ke nan, bulo ɗaya ne tsakani.

"Zan haƙa," in ji tsohon. "In yaranka suka yi, faɗaɗa shi za su yi ta yi har su kai gare ta. Ni zan san yadda zan janye shi."

Da safe na gan shi ya fito da diga a kafaɗa, masu ta'aziyya na zaune a ƙofar gidansa, ya nufi gidan Alhajin.