Rufin da Ya Hana Su Tallafi

Mun tashi da asuba daga Kabuga, mu uku a motar ofis: direba, da jami'in wata ƙungiya mai raba tallafin ilimi daga ƙasashen waje, sai ni mai riƙe takardar tantancewa. Makarantu biyu za mu duba, ɗaya tak za a ba. Layin gidan mai ya fi ƙarfinmu, dole muka sha na galan a bakin titi, direba yana ta salati kan farashi. Motocin hayar da muke wucewa, tun zuwan Shari'a, maza a gaba, mata a baya, awaki kuwa inda suka ga dama.

Hanyar Gwarzo a ƙarshen damina abar so ce. Dawa ta fi mutum tsayi, ta sunkuyar da kai kamar mai kunyar baƙi. Ina ɓarar dafaffiyar gyaɗa, ina raya wa kaina cewa alheri muka ɗauko.

Makarantar farko tana wani ƙauye bayan Gwarzo. Bango ya zube, iska ta yaye rufi, hedimasta ya tafi kasuwa. Ba yaro ko ɗaya, sai tumaki kwance a aji. Jami'in nan sai fara'a yake, yana ta ɗaukar hoto. "Irin wannan masu ba da kuɗin suke so," in ji shi.

Kafin azahar muka juyo Kabo, muka bi hanyar burji ta wajen Gude. Tun daga nesa muka jiyo yara suna bitar karatu. Wannan makarantar ma ta rushe bara, amma mutanen gari suka yi mata gayya: maza suka kwaɓa ƙasa, mata suka ɗebo ruwa, kowane gida ya kawo tsohon kwanon rufi. Rufin kala-kala ne, amma ba ya yoyo. Abin da suke roƙo shi ne littattafai da banɗakin mata, don 'yan mata da sun fara girma sai su daina zuwa saboda rashinsa.

Aka kawo mana fura mai sanyi. Jami'in ya sha, ya goge baki, ya ce tallafin na makarantun da suka lalace ne, wannan kuwa lafiyarta lau.

Wata tsohuwa, Inna Laure, wadda jikokinta mata uku ke aji biyar, ta matso.

"Alhaji, in muka kwaye rufin yau, ka dawo jibi, za ka rubuta mu?"

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta juyo gare ni.

"'Yar nan, ke ce mai biro. Gaya mini gaskiya."

Na duba takardar. Gurbi biyu ne kawai: ta lalace, ko ba ta lalace ba. Babu inda ake rubuta gayya. Na sa alama a gurbi na biyu.

Mun shigo Kano ana kiran magariba. Tafiyar nan ta koya mini cewa wasu masu taimako ba mutane suke nema ba, kango suke nema, wanda zai yi kyau a hoto. Tumaki za su samu sabon aji. Jikokin Inna Laure za su zauna gida baɗi. Abin da ya fi ƙona mini rai, hannuna ne ya sa alamar.